Ɗiyata ta ce cututtuka masu yaɗuwa taka so ta ƙware a kai, ku ba ni shawara

Alhaji Mai Goro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, na gida da na bida. Yau shawara nika nema, ba gudummawa ba, kowa ya kwantar da hankalinshi. Kun san ta farin wajena ta ƙare karatun likita a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wasunku ma sun zo walima. Shekara takwas ina aiko kuɗi daga Abijan ban taɓa ƙosawa ba. Ni a raina na riga na gina mata kilinik nan Tawa, har fili na aje. To shekaranjiya ta zamnar da ni ta ce ƙwarewa taka so ta yi, wasu shekara huɗu kuma, wai kan cututtuka masu yaɗuwa. Na ce mi ke nan? Ta ce sanƙarau, kwalara, tarin huka, sida, da duk ciwon da mutum ka ɗauka ga mutum ko ga dabba. Na ce wato abin da kowa ka gudu shi za ki tara? Uwarta tun ran nan ba ta yi kwanan kirki ba. Ni ban ce mata i ba, ban ce a'a ba. Wanda ya san aikin ga ya gaya min tsakaninshi da Allah, mi ke cikinshi?

Mushe Illa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, Alhaji. Amma a lura tun farko, yarinya ba ta ce za ta ajiye likitanci ta shiga waƙa ba. Ƙarin karatu ta nema.

Ɗan Bida:
Baba Alhaji, ni lakwal ban wuce aji shida ba, amma lissafin kuɗi ba mai koya min. Likitan mata yana da eko, na'urar hoton ciki, yana da ɗakin fiɗa. Likitan ido yana da tabarau. Na haƙori ko cirewa ya yi sai an biya. To wanga mi zai saida? Maganin tarin huka kyauta, na sida kyauta, kwalara in ta zo tanti aka kafawa a kwantar da mutane kyauta. Kuma duk masu ciwon ga talakawa ne, mai kuɗi jirgi yaka hawa. Ka ce mata ta yi na mata, shekara biyu ka maida kuɗinka.

Majo Sani:
Alhaji ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Ku yi haƙuri zan yi tsawo, mai ritaya ba shi da abin yi sai surutu.

Shekara goma sha ɗaya na yi ƙarƙashin wani likita mai wannan ƙwarewa. Ba zan faɗi sunansa ba, yana raye, kuma in ya ji na kawo shi cikin gurup sai ya kira ni ya wanke ni tas. Na fara saninsa a 1995, lokacin bai ƙware ba, sabon fitowa ne aka afekte shi wani asibitin gunduma inda nake anfirmiye. Sa'annina sun tuna bazarar nan. Ɗakuna suka cika, baranda ta cika, muka koma gindin bedi muna rataya ledar serom a reshe. A amalanke ake kawo yara, wuya a sanƙare, wani in ka tallabo kansa gaba ɗaya jikin ke tasowa kamar katako. Maganin da muke da shi kloramfenikol ne na mai, mai kaurin tsiya, sai ka danna sirinji da hannu biyu, a raba shi ɗuwawu biyu. Amfaninsa shi ne sau da yawa allura guda ta isa, shi ya sa ya dace da aikin daji. Shekarar da ta biyo, 1996, abin ya game yankin duka, mu da Najeriya da Burkina da Mali: mutum wajen 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu.

Wani dare muna gardi ya jawo rajistan watannin baya yana bi da yatsa. Ya nuna min yara huɗu daga ƙauye guda, cikin sati guda, tun watan Janairu. Dukansu palu, wato zazzaɓin cizon sauro, muka rubuta musu, biyu ma da hannuna. Ya ce, Sani, da mun ƙirga da mun gani. Bai ƙara ko kalma ba. Ba a daɗe ba ya samu bursu ya tafi Dakar, sashen cututtuka masu yaɗuwa na asibitin Fann.

Da ya dawo, Allah ya sake haɗa mu, sai na tarar da mutum mai tambayar tsiya. Marar lafiya ya zo da zazzaɓi, kai kana jiran a rubuta ordinas a kira na gaba, shi kuwa ya gyara zama. Ina ka kwana makon jiya? Wane ruwa kuke sha, rijiya ko tabki? Akwai mai tari a gidan? Ka je bida, wace ƙasa? Wane magani ka riga ka sha, ina kwalinsa? Kana da bisashe, lafiyarsu ƙalau? Wani tsoho ya taɓa ce masa, ni likita na zo gani ko jandarma? Layi ya yi tsawo a waje ana ta zagina ni da ke tsaron ƙofa.

Ɗan Bida:
Majo, labarin ya yi daɗi, amma wace irin mota yaka hawa?

Majo Sani:
Zan zo nan, ɗana. Ba gudu zan yi ba.

Ag Abalak:
Tambayar bisashen nan da Majo ya ambata, kada ku ɗauke ta wasa. Ni ma'aikacin kiwo ne, a 2016 ina arewa. Tun watan Agusta makiyaya wajen Cintabaradan da Tasara suke cewa awaki da tumaki da raƙuma suna ɓari, 'yan ƙanana suna mutuwa. A lokaci guda mutane suna zuwa likita da zazzaɓi, idanu rawaya, wasu jini ta hanci ko cikin amai. Damina ce, kowa palu ya fara kawowa a ransa. Mu muna ƙirga namu a gefe, su suna ƙirga nasu a gefe. Sai da aka haɗa zancen biyu, aka ɗebi jini aka aika cibiyar Pasteur ta Dakar, cikin Satumba amsa ta dawo: zazzaɓin kwarin Rift. Mutum sama da 30 suka rasu kafin abin ya lafa, akasari makiyaya.

Kuma dubi lokacin. Ga taron lasar gishiri na Ingal ya matso, dabbobi dubbai za su haɗu wuri guda. Aikin da aka ba mu mu bi ruga da zango muna cewa a tafasa madara, kada a taɓa ɗan ɓari da hannu tsirara, kada a yanka dabbar da ke ciwo a ci. Ka je ka gaya wa Buzu ko Bafillace ya tafasa madarar raƙumarsa, ka ga kallon da zai yi maka. Wani dattijo ya ce min kakansa ya sha ɗanya har ya shekara casa'in. Ciwon nan ba shi da wani magani na kansa, sai dai a tallafa wa jiki. Saboda haka likitan da ya iya tambaya shi ne maganin farko.

Majo Sani:
Haka ne. Ba ina cewa maigidana ne ya gano na 2016 ba, kada a ɗora min ƙarya. Amma irinsu ake bugo wa waya a irin wannan rana.

Hajiya Ta Wadata:
Alhaji, ni ta wajen uwa zan yi magana, don na fahimci abin da ya hana matarka barci. Amma bari in ba ku nawa.

2015 muna Yamai. Waɗanda ke can sun tuna watan Afrilu, har lakwal gwamnati ta rufe na 'yan kwanaki saboda sanƙarau. Ɗana na uku yana da shekara tara. Da la'asar ya dawo yana cewa kansa, da magariba amai, kafin sha biyun dare ba ya gane ni. Muka kwasa sai unguwar Lazare inda aka kafa tantunan jinya. Wata likita, yarinya ce ma, ba ta fi ɗiyar Alhaji da yawa ba, ta ce za a ɗebi ruwan bayansa. Uwar mijina ta ce sam, allurar baya ita ke gurgunta yaro, in aka taɓa shi ba ta yafe ba. Ni kuma na tsaya tsakiya kamar gunki. Likitar nan, ga mutane jibge suna jiranta, ta tsuguna gaban tsohuwa ta ce, Inna, ciwon ne ke gurguntawa, ba allurar ba, ki tsaya ki gani da idonki. Ta ce ruwan mai lafiya garau yake kamar na pampo. Da aka ɗebo na yarona sai ga shi kamar ƙasari. Tsohuwa ta kalla, ta juya baya, ba ta sake magana ba. Nan take aka sa masa allura, kwana biyar ana yi.

Ya rayu, alhamdu lillahi, bana ya samu bak, wato ya ci jarrabawar ƙarshen sakandare. Amma kunnen hagu ya tafi. In kana so ya ji ka sai ka zagayo ta dama. Har yau ban san sunan likitar nan ba, fuskarta ma rabi na gani saboda abin rufe hanci. In ta wuce ni a kasuwa ba zan gane ta ba, kuma abin yana damuna.

Wani abin da ba na mantawa, layin da muka yi a farmasi muna neman allurar rigakafi wa sauran yaran, kuɗi a hannu babu kaya. Daga baya muka ji a rediyo wai har ta jabu ta shigo gari. Allah ya isa.

Mushe Illa:
Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Amma ina da tambaya. Ba a 2010 aka yi mana babbar rigakafin sanƙarau aka ce an gama da shi ba? Ni da kaina na jera 'yan ajina aka yi musu. Yaya aka yi ya dawo bayan shekara biyar?

Likita Ƙarami:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, wani abokina ne ya ce in leƙo. Ina shekara ta biyu a wannan ƙwarewar a Dakar, don haka abin da Baba Alhaji ke tambaya shi nake ciki safe da yamma.

Mushe, ƙwayar sanƙarau dangi-dangi ce. Wadda ta yi ɓarnar 1996 ita ake kira A. Allurar MenAfriVac da aka fara a Disambar 2010 a Burkina da Mali da Nijar, wa 'yan shekara 1 zuwa 29, daga A kaɗai take karewa, kuma ta yi aikinta, A ta kusan ɓacewa. Ta 2015 dangin C ce. Daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni an ƙirga mutum wajen 8,500, 573 suka rasu, kuma rigakafin da ke kama C ya yi ƙaranci a duniya a lokacin, shi ne layin da Hajiya ta yi. A 2024 aka fara amfani da sabuwa mai kama dangi biyar, A, C, W, X da Y, Najeriya ta fara, mu muka biyo. Ruwan bayan da aka ɗiba wa ɗan Hajiya ba don shi kaɗai ba ne. Ana tura irinsa labo, irin su CERMES a Yamai, a gane wace dangi ce ke yawo, don kada a yi odar rigakafin da ba shi ba. Kuma akwai ƙa'ida: gunduma in ta kai mutum 10 cikin 100,000 a sati guda, annoba ce, a tashi. Ƙirgan da maigidan Majo ya yi kukan ba su yi ba, yanzu duk sati ake aikawa.

Baba Alhaji, aikin yau da kullum kuwa ba tanti ba ne. Annoba takan zo ta wuce. Ranar da babu ita, zagayen ɗaki ne: mai sida da ya bar shan magani ya dawo a rame, mai tarin fuka, mai tetanos da ƙusa ta soka a gona, mai zazzaɓin sati uku da aka yi wa maganin palu sau uku bai sauka ba. Sai kuma kira daga sauran sassa. Likitan fiɗa ya yi aikinsa lafiya amma ciwo ya ƙi rufewa yana ruwa, an canza magani uku a banza, to mu ake kira mu duba sakamakon labo mu ce wannan ƙwayar ga abin da ke kashe ta, a daina sauran. Rabin aikinmu cewa a daina ne.

Batun haɗari ba zan ɓoye ba. Allura ta taɓa soke ni bayan na ɗebi jinin mai sida. Ƙa'ida a fara magani kafin awa 72, a sha kwana 28. Na sha, tashin zuciya kamar mai sabon ciki, aka auna ni lafiya lau. Amma wannan yana samun likitan fiɗa da sajfam, wato ungozoma, su ma, watakila fiye da mu, don su ke wanka da jini. Abin da na fi tsoro tarin fuka ne, shi a iska yake. Shi ya sa za ka ga ɗakunanmu taga a buɗe ko ana hunturu.

Inna Hajo:
Duk na ji. Aure fa? Yarinya ta kusa talatin, a ƙara mata huɗu a ƙasar mutane. Kuma wane namiji zai so matarsa ta wuni cikin masu tari ta dawo ta dama masa fura?

Sajfam Mariyama:
Haba Inna. Ni na wuni cikin jini da ruwan haihuwa shekara ashirin, maigidana bai taɓa ƙin furata ba, ƙari ma yake nema. Sabulu aka yi don mi?

Inna Hajo:
Ke naki daban, haihuwa alheri ce.

Sajfam Mariyama:
Ranar da mai jego ta kama zazzaɓi bayan fiɗa, magani ya ƙi ci, wa kike jin muke nema? Kuma mata nawa ke ɓoye ciwo don ba su iya buɗe baki gaban likita namiji? Matar da mijinta ya dawo daga tafiya ya kawo mata abin da ya kawo, wa za ta gaya wa?

Ɗan Bida:
A'a Hajiya Sajfam, kada a jefi 'yan bida da dutse, muna nan.

Mai kula da gurup:
Jama'a a dawo kan tambayar Alhaji. Zancen aure gidansa ne zai yanke.

Mushe Illa:
Likita, tunda Allah ya kawo ka, ka warware min wani abu da ya daɗe yana cina. Kun ce rabin aikinku cewa a daina. Kullum a rediyo ana faɗa kada a sayi kafso wajen masu yawo da faranti a ka, wai ƙwayoyin cuta suna sabawa. Na yarda, don na ga mai shayi yana fasa ja da baƙi cikin lipton wa mai ciwon ciki. To amma nan jihar Tawa an bi gida-gida ana ɗura wa yara masu lafiya azitromisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ba shi ne abin da kuke hanawa ba? Ko in gwamnati ta yi halal ne, in ɗan talla ya yi haram?

Likita Ƙarami:
Mushe, ka kama mu a inda mu kanmu ba mu gama shiryawa ba. Abin da ka gani bincike ne da aka yi a Doso da Tawa, ana kiransa AVENIR. Ana ba yara daga wata 1 zuwa wata 59 maganin sau biyu a shekara. Sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a garuruwan da aka ba dukansu. Wanda aka yi kafinsa a Doso ma ya nuna raguwa. Kuma gaskiya ne an ga ƙwayoyin da suka saba da irin wannan magani sun ƙaru a inda aka raba. Dukan biyun gaskiya ne. Akwai malamaina da ke cewa yaron da zai mutu bana ba zai jira mu gyara rijiyoyi da asibitoci ba, a ba shi. Akwai masu cewa muna cin bashin da jikokinmu za su biya. Na ga manyan farfesoshi biyu sun yi musu kan wannan har shayinsu ya huce.

Bambancinsa da na ɗan faranti shi ne wannan an san awon, an san wa aka ba, kuma ana bin sawu ana aunawa. Na faranti kuwa kafso biyu yau, ɗaya jibi, ya sha rana ya sha ƙura, wani ma alli ne a ciki. Amma in ka tambaye ni ko hankalina kwance yake ɗari bisa ɗari, a'a. Kuma wa zai zauna ya auna ya ce a ci gaba ko a tsaya? Irin ɗiyar Baba Alhaji. In babu namu, daga waje za a zo a yanke mana.

Mushe Illa:
To na ji, ko da yake ban gamsu duka ba. Amma zancenka ya tuna min wani abu. Kwanan baya na tambayi 'yan ajina wa ya san kurkunu. Ko ɗaya. Wani ya ce sunan gari ne. Ni kuwa ina yaro na ga baffana zaune damina guda cur ana naɗe masa zare a tsinke, gonarsa ta zama saura. Tun 2013 OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta tabbatar babu shi a Nijar. A Janairun 2025 kuma aka ce mu ne na farko a Afirka da muka rabu da makantar bakin kogi. Ban ga an yi wa kowa guɗa ba. Wanda bai kamu ba bai san an yi masa komai ba, balle ya kawo goron godiya.

Ɗan Bida:
Yawwa Mushe, ka faɗa da bakinka. Aikin da ba a gani, ba a godiya, ba a biya. Majo, ina nan ina jiran motata.

Majo Sani:
To ga ta. Tsohuwar Toyota ce da ya saya hannu na biyu, ita ya yi ritaya da ita, sai an tura take tashi in sanyi ya yi. Gida guda ya gina, shi ma sai da ya shekara tara yana ginawa. Abokan karatunsa da suka yi fiɗa ko na mata, wasu benaye gare su a Yamai. Ban zo in yi maka ƙarya ba.

Kuma ba kuɗi kaɗai ba. Ranar sunan ɗiyarsa ta biyu ba ya nan, kwalara ta ɓarke a wani gari bakin iyaka, a waya aka gaya masa sunan. Tarin fukan da Likita Ƙarami ke tsoro, shi ya kama shi. Ni na riƙa ba shi ƙwayoyin da hannuna kowace safiya kamar kowane marar lafiya, don ya ce ƙa'ida ba ta san likita ba. Wata shida cur, fitsarinsa ja kamar zoɓo saboda rifampisin, ya rame har wando na zamewa. Sannan 2020, bayan an samu mutum na farko mai korona a Yamai ran 19 ga Maris, ya ƙaura ɗakin zaure ya bar iyalinsa ciki, a bakin ƙofa ake ajiye masa tuwo. A unguwa wasu na cewa ciwon ƙarya ne su likitoci ke cin kuɗinsa, wasu kuma sun hana 'ya'yansu shiga gidansa. Waɗanda suka ce ƙarya ne da waɗanda suka gudu, wani lokaci mutum guda ne.

Sau biyu ƙungiyoyin waje suna nemansa da albashin da ya ninka nasa, ofis mai sanyi da mota fara. Na farko ya ƙi. Na biyu ya karɓa, ya yi shekara biyu, ya biya bashin gini, ya dawo. Ya ce min ya gaji da taron otal, yana so ya taɓa cikin marar lafiya. Ni a lokacin haushi na ji, na ce mutumin nan ba ya son kansa da arziki.

Abin da na ga ya faranta masa rai fiye da komai, lokacin da aka kawo gajeren maganin tarin fuka mai taurin kai. Da kusan shekara biyu ake sha, mutane su gaji su gudu. Aka dawo da shi wata tara, kuma Nijar tana cikin ƙasashen farko da suka gwada, tare da ƙungiyar Action Damien. Akwai wani tela da ya warke ta wannan hanya. Duk sallah sai ya ɗinko masa riga, kuma duk sallah rigar ba ta yi masa daidai, shi kuwa sai ya sa ta ya tafi idi.

Ɗan Bida:
Kun gani ko? Majo da kanshi ya tabbatar. Tari, tsohuwar mota da rigar da ba ta yi daidai ba. Baba Alhaji, ni na gama nawa.

Majo Sani:
Ban musa maka ba. In kuɗi ake nema ba nan ba ne. Na dai faɗi abin da na gani.

Likita Ƙarami:
Ƙaramin gyara, yaya Ɗan Bida. Ba yunwa ake yi ba. Akwai koyarwa, yanzu ban da Yamai akwai sashen likitanci a jami'ar Maraɗi da ta Damagaram, duk suna bukatar malamai. Akwai bincike, akwai OMS. Sai dai duk wanda ya bi can, gadon marar lafiya ya rage mutum guda, kuma da ma mu ba yawa gare mu ba. Mutumin Tiliya ko Bagarwa da ciwonsa ya gagari asibitin gunduma, in Tawa ba mai duba shi, sai Yamai, kilomita sama da 500. Da yawa gida suke komawa.

Hajiya Ta Wadata:
Alhaji, ka tambaye ta dalili kuwa? Duk mun yi ta zuba, ba wanda ya ji ta bakinta.

Alhaji Mai Goro:
Hajiya kin yi gaskiya, ban tambaya ba, faɗa na fara. Jiya bayan isha'i na kira ta na miƙa mata wayar ta karanta duk abin da kunka rubuta. Ta yi dariya wajen furar Inna Hajo. Wajen rajistan Majo kuma ta yi shiru. Ta ce lokacin da anka tura su aikin daji a shekarar ƙarshe, wata yarinya ta rasu hannunta, kuma har yau ba ta san mi ya kashe ta ba, palu kawai anka rubuta. Ta ce abin da ba ta iya zama da shi ke nan.

Sannan ta ce in yi haƙuri, takardun ma ta riga ta aika tun watan jiya, amsa taka jira. Wato shawarar da nika nema an riga an yanke ta ban sani ba. Na yi fushi kaɗan, na tuna ni ma ranar da na hau mota zuwa Abijan sai da na kai Doso tsohona ya ji.

Ɗan Bida, lissafinka daidai ne, ban ga kuskure ciki ba, kuma har yanzu yana min ciwo. Filin dai zan sa a kewaye shi kada maƙwabta su ci iyaka. Likita Ƙarami, ka biyo ni ta gefe ka gaya min kuɗin ɗaki a Dakar, kusa da asibitin, inda mace za ta zamna da mutunci. Majo, ka roƙar min maigidanka ko zai yarda ta je ta gaishe shi.

Abu guda nika roƙo. Uwarta ba ta san zancen takardun ga ba tukuna. Kada wanda ya kai mata, ni zan san yadda zan bi.

Inna Hajo:
Alhaji, ai tana zaune kusa da ni, tun ɗazu ni ke karanta mata.